Ƙugi a Cikin Kan Zaki

Ranar da Zuhra ta fara haɗuwa da Luqman, ba mutum ta gani ba. Zaki ta gani.

Ana buɗe sabon kanti ne kusa da rumfarta a unguwar Akurba, inda take gyaran waya da fitilu masu caji. Masu kantin sun ɗauko makaɗa, sun kuma ɗauko irin samarin nan masu saka kayan dabbobi su yi wa yara rawa. Watan Maris ne, rana ta take. Zakin ya yi rawa tun hantsi. Wajen azahar ya fara layi, ya dafa bango, ya lallaɓo ya zube a kan bencinta.

Sai da ta kwashe wayoyin mutane daga kan tebur sannan ta yi magana. Ba ta yarda da wanda ba ta ga idonsa ba.

"Malam, lafiya?"

Ya sa hannu biyu ya cire kan. Saurayi ne siriri, zufa ta jiƙa shi sharkaf.

"Fanka ta tsaya," ya ce. "Akwai 'yar fanka a ciki. In ta tsaya, cikin nan tanderu ne."

Ta miƙa masa ruwa, ta jawo kan ta leƙa. Hular kwano ce irin ta masu babur, an lulluɓe ta da soso da gashi. Fankar tana saitin kunnen hagu, an manne ƙyalle a kanta. Wayar da ke zuwa fawa-bank ce ta tsinke. Ta haɗa ta da dalma, fanka ta tashi da ƙugi kamar injin markaɗe.

"Da wannan kake wuni a kunne?"

"Na saba."

"Bari in ɗaga ƙyallen in duba."

Ya janye kan da sauri. "A'a. Ba a buɗewa."

Ta ƙyale shi. Amma ta riƙe maganar.

Kashegari ya dawo godiya da ledar lemo. Bayan kwana uku ya kawo fitilar da ba abin da ya same ta. Zuhra ta kunna ta, ta kashe, ta ajiye a gabansa.

"Fitilarka lafiya take. Faɗi abin da ya kawo ka."

Ya sosa ƙeya ya faɗa.

Yana kiranta Injiniya, tana kiransa Zakina. Ba ya shan taba, ba ya wasa da salla, kuma in tana aiki ya iya zama shiru. Abu ɗaya ne ya tsaya mata a rai. Duk ranar da ya je aiki ba ya ɗaukar waya. Sai dai saƙo.

"Injiniyata, na ga kiranki. Yau an wuni a kan ƙafa. Rubuto mini, zan karanta sau goma."

Ta rubuta: "Muryarka nake so in ji, ba yatsanka ba."

"Gobe da safe za ki ji ta har ki gaji. Kin ci abinci?"

Wata Asabar da la'asar ta kira. Aka ɗauka. Mace ce.

"Luqman ba zai iya magana yanzu ba. Wa ke nan?"

Zuhra ta kashe. Da ta tambaye shi, ya ce Dooshima ce, mai kamfanin da yake wa aiki, mai zakin. Ya faɗa yana kallon gefe. Zuhra ta lura cewa kullum haka yake zama, ya karkata kai, ya ba ta gefen fuska. Ta ce a ranta, mai gaskiya ido yake bayarwa.

Duk da haka da ya nemi iznin zuwa gida, ba ta hana ba.

Mahaifinta, Malam Babandi, manomin doya ne daga wajen Kwandere. Ba ya aika kowa binciken surukinsa. Da kansa ya hau babur ya je gidan man da aka ce zakin zai yi wasa. Ya tsaya a gefe ya kalla, ya matsa kusa, ya dawo gida fuska a murtuke.

"Ba zan ba shi ba," ya ce.

"Baba, me ya yi?"

"Na yi masa sallama sau uku. Bai amsa ba. Abin da ke cikin kan ne ya amsa."

"Fanka ce, Baba."

"Akwai fanka a ɗakina. Ba ta gurnani in mutum ya juya wuya."

Ya shige ciki. Inna Sabuwa ce ta ja 'yarta madafa ta yi mata bayani. A ƙauyen da aka haifi Babandi, da can akwai dodo. In ya fito mata da yara sai gudu. Muryarsa wani irin zuzu ce, ana yin ta da kara da wasu abubuwa da ba a faɗa. Mahaifin Babandi ya bar wannan hanya, ya sha tsangwama a kai, har ya bar ƙauyen.

"Muryar da babanki ya ji yana yaro ita ya ji yau," in ji Inna. "Ya ce bayan duk wahalar nan ba zai mayar da jininsa gidan dodo ba. Ke kin taɓa ganin fankar da idonki?"

Zuhra ta tuna ranar da ta gyara wayar. Ƙararta ta ji. Wayarta ta gani. Ita kanta fankar ba ta gani ba.

Ta tura masa saƙo: "Baba ya ƙi. Ya ce a kawo kan a buɗe."

Amsa ta daɗe. "Ba nawa ba ne, Injiniya. Ba zan iya ba. Ki ba ni lokaci."

"Me ke ciki, Luqman? Kuma wace ce Dooshima a wurinka?"

Bai amsa ba.

Ranar Litinin ta rufe rumfa ta tafi shagon Dooshima a kan titin Makurdi. Balan-balan da kujerun roba sun cika wurin. Can ciki ta hango Luqman zaune, ya juya baya, yana taje gashin zakin. Ta tsaya ta hagunsa, taku biyu tsakaninsu.

"Luqman."

Bai motsa ba. Ta sake kira. Ta sake.

Wata mace mai jiki ta fito daga bayan labule, jariri a goye. Ta dubi Zuhra sama da ƙasa, ta yi magana da Hausar kasuwa.

"Kai ne Zuhra? Kai ne ka kashe waya a kunnena. Zagaya ta wancan gefe ka kira shi."

Zuhra ta zagaya ta dama. Ko ƙarasa sunan ba ta yi ba ya zabura ya miƙe.

"Kunnen hagu ya tafi hutu," in ji Dooshima. "In ya gama aiki, awa biyar shida ba ya jin komai sai wiii. Ni nake ɗauka masa waya. Na ce ya gaya maka, ya ce mace ba za ta auri kurma ba. Ni ina da miji, 'yar'uwa, soja ne ma. Me zan yi da wannan siriri?"

Zuhra ta dubi Luqman. Ya sunkuyar da kai.

"Shi ya sa kake ba ni gefen fuska?"

"Shi ne gefen da ke jin ki."

Tausayinsa ya kama ta. Amma ba ta sassauta ba. "Wata huɗu ina zarginka da abin da ba ka yi ba. Kai ka jawo. Kan kuma, don me ba a buɗewa?"

"Ni na hana," in ji Dooshima. Ta ɗaga labule ta nuna wani kan zomo a ƙasa, ya dare gida biyu. "Mai gyara na ba. Ka ga aikinsa. Zaki kaɗai ya rage mini."

"Madam, ki ba ni wuni ɗaya. In na lalata shi, ki zo ki rufe rumfata."

Dooshima ta daɗe tana girgiza jariri. "Ɗauki. Buɗe yanzu in gani."

"A'a. Ba a nan ba. In Baba ya ga alamar an taɓa ƙyallen, zai ce an cire abin ne. A gabansa za a buɗe."

Da safen Laraba aka ajiye kan zaki a kan tabarma a tsakar gidan Babandi. Dooshima ta zo gadin kayanta. Luqman ya durƙusa can nesa. Babandi bai zauna ba. Ya tsaya da sanda, ya yi bisimilla.

Zuhra ta sa reza ta bi gefen ƙyallen a hankali har ya ɗago. Ga fanka nan, girmanta bai wuce kwalin ashana ba. An ɗaure ta da sukuru huɗu a jikin hular, fiffike ɗaya ya tsage, ƙura da gashi sun cika ta.

Babandi ya zura sanda ya tsokane ta. Ya juya kan, ya ƙwanƙwasa. Ya sa yatsa ya bi duk lungun soson. Babu kara, babu laya.

"To gurnanin fa?"

"Ƙarama ce, Baba, dole ta yi gudu sosai kafin ta ba da iska. An kuma ɗaure ta a jikin hular, in ta girgiza duk hular ta ɗauka kamar ganga. In ya juya wuya, fiffiken da ya tsage ya goga ƙyalle."

"Baki ne wannan. Nuna."

Ta kwance fankar ta jefa a kwano. Ta ɗauko wata babba da ta ciro daga matacciyar kwamfuta, wadda wutar fawa-bank ba ta isa ta sa ta gudu ba, sai juyi a hankali. Ba ta mayar da ita saitin kunne ba. Cikin bakin zakin ta kai ta, inda akwai raga, don ta jawo iskar waje. Ta yanka tsohon tiyub na babur siri-siri, ta rataye fankar da roba ta kusurwa huɗu, yadda ba inda ta taɓa hular. Ta bar tazarar yatsa biyu tsakaninta da ragar. Ta liƙa soso mai laushi ta wajen kunnuwa. Sai da hantsi ya ɗaga ta gama.

"Kunna," in ji Babandi.

"A kunne take, Baba."

Ya harare ta. "Kin kashe ta dai don in yi shiru."

"Sa hannu ka ji."

Bai sa hannu ba. Ya dubi kan, ya dubi mutanen tsakar gida.

"Kowa ya juya baya."

Suka juya. Dooshima ta cusa bakin zane a baki. Suka ji an jingine sanda, suka ji motsi. Can murya ta fito daga cikin zaki.

"Sabuwa. Yi magana a hankali."

"Malam, hularka tana ƙasa, kaza na taka ta."

"Na ji."

Da ya ba su izni suka juyo, kan yana kan tabarma, hula tana kan mai ita. Bai ce ya yi kuskure ba. Ya nuna Luqman da sanda.

"Matso. Na yi maka sallama sau uku."

"Ban ji ba, Baba. Kunnena na hagu ya lalace. Na ɓoye wa Zuhra, na ɓoye wa kowa. Tsoro na ji."

"Tsoron me?"

"A hana ni ita."

"Saura kaɗan ɓoyon ya hana ka ita. Akwai sauran abin da ka ɓoye?"

"Babu, Baba."

"Za mu gani. Gobe asibiti. Ba takarda za ka kawo mini ba, ban iya karantawa. Tare za mu je, likita ya faɗa da bakinsa."

Tare suka je. Likita ya ce na dama lafiya lau. Na hagu zai samu sauƙi in ƙarar ta daina, amma ba zai koma kamar da ba. Babandi ya sa aka maimaita masa sau biyu. A ƙofar asibiti ya hau babur, ya tayar, ya waiwayo.

"Turo manyanka."

Da yamma saƙo ya shigo wayar Zuhra: "Injiniyata, Baba ya ce in turo." Kafin ta gama karantawa wayar ta ɗau ƙara. Shi ne. Ranar ya yi aiki har la'asar a wani bikin suna, kuma ga shi yana kira.

"Zakina, kana ji na?"

"Har numfashinki nake ji."

"To ji wannan. In ka sake ɓoye mini ko ciwon yatsa ne, ni da kaina zan mayar da tsohuwar fankar."

Bayan an haƙi doya aka ɗaura aure a ƙofar gidan Babandi. Dooshima ta kawo rumfuna da kujeru, ta zo da mijinta soja, ta tabbatar Zuhra ta gan shi. Da za a tafi da amarya, aka kai su biyun gaban tsoho. Mutane suka yi shiru suna jiran doguwar nasiha.

Babandi ya dubi angon. "Da wane kunne za ka riƙa jin 'yata?"

"Na dama, Baba."

"To kullum ka juya mata shi. Ke kuma ki daina tsayawa ta hagu kina zargi." Ya ɗora hannu a kan kowannensu. "Allah ya zaunar da ku lafiya. Allah ya ba ku zuriya mai jin magana. Ku tashi."

Jama'a suka shafa. Zuhra ta zagaya ta damansa, suka fita tare.