Sammakon Da Ya Yi Yawa

"Ni hwa babu inda za ni yau!" Sha'aibu ya faɗa, ya dire jakarsa a zauren surukansa da ke Bodinga.

Hasiya ta jingina da bango tana kallon mijin nata. Tun da aka kawo ta gida goyon ciki bai taɓa ɗaga murya a zauren nan ba, shi da ko takalminsa ba ya son surukarsa Inna Kaltume ta gani.

"Malam, Yaya Mode ya ce yau ya kamata ka kama hanya..." ta ce, tana nufin yayanta.

"Yaya Mode ya taɓa ganin teku? Sai ranar Assabar za a buɗe ƙohwar jirgi. In na tashi jibi ma ina isa Ikko."

"In mota ta lalace hwa? Kai da bakinka ka ce min wanda ya makara, sai dai shi hangi hayaƙi."

Gaskiya ta faɗa. Sha'aibu tela ne a wani katafaren jirgin ruwa na masu yawon shaƙatawa, shi ke gyaran rigunan ma'aikata da labulaye. In jirgin ya ɗaga, sai wata daminar ake ganinsa. In kuwa ya tashi babu shi, wani za a ɗauka, ga tsohuwarsa a Shagari da ƙannensa duk shi suke kallo.

"Hasiyata," ya sassauta murya, "so nike in ga abin da Allah zai ba mu da idona. Ko sau guda ne."

Ta sunkuyar da kai. Cikin fari ba a zancensa, ko da miji ne. A daidai lokacin kuwa mararta ta sake murɗawa, kamar yadda take yi tun da hantsi. Ta damƙe gefen tabarma a ƙarƙashin mayafi. Ta san halin kayanta: in ya ji ko "wash" ɗaya, jirgi ya tafi abinsa, shi yana nan.

"Da saura," ta ce tana murmushin ƙarfin hali. "Inna ta ce da saura sosai. Tahi, don Allah. Da sammako aka san matahiyi."

Ya daɗe yana dubanta, sannan ya saɓi jaka.

"Allah shi sauke ki lahiya, hasken idona."

A zuci ta ce amin. Tana jin ƙarar babur ɗin da ya ɗauke shi ta ɓace, ta durƙushe a wurin.

"Inna!"

Kafin la'asar ta sauka lafiya, 'ya mace. Wayarsa kuwa ta ƙi shiga, don ya yi nisa cikin dajin Yawuri. Sai washegari da yamma kiransa ya shigo. Inna Kaltume na zaune a bakin gado da jaririyar a cinya, Hasiya na can gefe ta kau da kai, yadda ake son mai 'yar fari ta yi a gaban manya.

"Hasiya..." Sha'aibu ya ce. "Yaya Mode ya gaya min. Ashe kina cikin ciwo kinka kore ni?"

"Malam, ka isa lahiya?"

"Na iso! Hanya ta yi kyau, ko taya ba ta hwashe ba. Ga ni zaune bakin tashar jirgin ruwa, ni kaɗai da masu gadi. Jirgin ma bai iso ba, Hasiya! Da na kwana, da na gan ta..."

Nan zuciyarta ta karye. Ita ta yi masa lissafin hanya, ita ta raba shi da 'yarsa, kuma a banza. Kukan da ba ta yi a naƙuda ba ya ƙwace mata.

"Ka yahe min. Tsoro na ji kada ka rasa..."

"Ya isa, bar kuka. Don ni kinka yi, na sani." Ya ja numfashi. "An yi mata huɗuba?"

"Baba ya ce haƙƙinka ne, shina jiranka."

"To kai ni kunnenta."

Hasiya ta dubi mahaifiyarta, kunya ta riƙe mata hannu. Sai ta tuna mutumin da ke zaune shi kaɗai a bakin ruwan da ba ta taɓa gani ba. Ta matsa, ta ɗauki 'yarta a gaban Inna, ta rungume ta a ƙirji.

Inna Kaltume ta juya fuska bango, wai ita gyaran kallabi take yi, tana share ido da bakinsa.

Hasiya ta kara wayar a ɗan ƙaramin kunnen. Daga can nesa Sha'aibu ya fara kiran salla a hankali. Jaririyar ta buɗe ido, ta yi lamo tana sauraren babanta.