Ƙwayar da Kafinta Ya Ɓoye Cikin Ƙusoshi

Auta ta faɗo falon mahaifiyarta ko sallama babu, ta wurga wani ɗan kwali kan tebur, ta zube a kujera tana kuka.

"Ke, lafiya? Dukanki ya yi?" in ji Mama.

"Gara duka, Mama! Wata uku ke nan ko kallona ba ya yi. Na ɗauka wata ce a waje, na bincike wayarsa kaf, ban ga komai ba. Yau na zazzage akwatin aikinsa, sai ga wannan a ƙarƙashin ƙusoshi!"

Watansu takwas da aure, ita da mijinta Kafinta. Auren so ne, kuma tun farko Mama ba ta so shi ba.

Yayan Auta, wanda ake kira Injiniya duk da ko ƙwan lantarki bai iya canzawa ba, ya ɗauki kwalin ya danna sunan a waya. Ya zare ido.

"Tab! Mama, wannan siriyos ne fa. Maganin difireshan ne."

"Yi min Hausa, ɗan nema!"

"Ciwon damuwa. Irin wanda ake bayarwa a asibitin ƙwaƙwalwa."

Mama ta dafe ƙirji. "Mahaukaci! Mahaukaci aka ba 'yata ina zaune! Kira min shi yanzu!"

Kafinta ya iso da garin katako a gashin kansa, ya durƙusa bakin ƙofa ya gaida Mama. Ba ta amsa ba, sai ta cilla masa kwalin.

"Naka ne?"

"Nawa ne, Mama."

"Tun yaushe kanka ya taɓu?"

"Kaina lafiya lau. Likita ne ya rubuta min."

"Don me?"

Kafinta ya sunkuyar da kai.

"Ba ka da baki ne?" in ji Injiniya. "Ko sai ka shaƙe mana ita tukuna?"

Bawan Allah, ina zai iya! Gaskiyar magana, tun makon farko na aurensu yake fama da saurin kawowa, ko minti ɗaya ba ya kaiwa. Auta ba ta taɓa yin ƙorafi ba, amma abin ya yi ta cin sa, har ya je asibiti a ɓoye aka ba shi ƙwayar nan. Ta yi aiki, sai dai ta tafi da sha'awar gaba ɗaya. To ku gaya min, wane namiji ne zai buɗe baki ya faɗi wannan a gaban surukarsa? Ya gwammace a kira shi mahaukaci.

"Ka ga ƙofa," in ji Mama. "'Yata ta dawo gida. Takardarta kawai muke jira."

Ya dubi Auta, ta kau da kai. Haushinsa take ji har wuya.

Kwana goma tana gida, Mama ta ƙwace mata waya, 'yan'uwa na ta zarya suna mata barka da tsira. Ran na sha ɗaya da hantsi ta fito shanya, ta ga Kafinta tsaye jikin katanga, ya rame.

"Me ka zo yi?"

"Filis, ki raka ni asibiti sau ɗaya. In kin ji da kunnenki kika ce takarda, wallahi zan rubuta."

Ta bi shi har suka shiga ofishin likita. Likitan ya dube shi. "Ka yarda in yi bayani a gabanta?" Ya gyaɗa kai, idonsa a ƙasa.

"Maganin nan asalinsa na ciwon damuwa ne," in ji likita, "amma yana jinkirta kawowar namiji, shi ya sa muke ba masu matsalar sauri. Illarsa, wasu yana rage musu sha'awa. Na ce masa in ya ga canji ya dawo, ko a rage, ko a sauya. Bai dawo ba! Kuma kada ya yanke shi rana ɗaya, a hankali ake janyewa. Ko da damuwar ce ma, ciwo ne kamar kowane ciwo, ba hauka ba."

Suna fitowa baranda ta juyo kansa, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Wata uku ina tsayawa gaban madubi ina neman abin da ya lalace a jikina! Ni ce matarka ko akwatin ƙusa?"

"Kunya na ji. Tsoro nake kada ki raina ni."

"Ai yanzu ne na raina wayonka! Mugu kawai." Ta share ido da bakin mayafi. "Mu je gidanmu, ka jira ni a waje in ɗauko kayana."

Ashe labarin zuwansu asibiti ya riga su isa gida. Mama na ganin ta da jaka ta tare ƙofa.

"Gidan mahaukacin za ki koma? Me likitan ya ce?"

"Lafiyarsa ƙalau, Mama."

"To ƙwayar ta mece ce?"

"Ba zan faɗa ba."

"Ni? Ni da na haife ki?"

"Ki yafe min. Maganar ɗakina ce. Da ban kawo ta nan ba tun farko, da ba a zagi mijina a durƙushe ba."

"In kika fita, kada in ƙara ganin ƙafarki!"

Auta ta durƙusa, ta yi kuka mai isarta, sannan ta ɗauki jakarta ta fita. Ranta ya yi ɗaci sosai, domin tana son uwarta.

Likita ya rage maganin sannu a hankali, ya koya musu dabarun da za su taimaki juna. Ba dare ɗaya abin ya daidaita ba, sai da suka sha watanni, amma ya daidaita. Duk mako Kafinta na zuwa gaida Mama, tana amsawa da ƙeya. Sai da shekara ta zagayo, Auta na da ciki, sannan wata rana Mama ta ce masa, fuska a ɗaure, "Tashi daga ƙasa, ga kujera."

Har yau ba ta san ta mece ce ƙwayar ba, kuma ba za ta sani ba.

'Yan'uwa, wanda ya ɓoye wa matarsa ciwonsa, shi ya ba ta damar zargin kanta da zarginsa. Ke kuma, kafin ki kwashi maganar ɗakinki ki kai falon gidanku, ki fara tambayar mai ita.