Dutsen Ƙarshen Layi

Rana ta kusa faɗuwa a Kurugu. Kaji sun shige akurki, Mas'uda na tsugune tana wanke-wanke, sai wani abu ya faɗo kan kwanon rufi. Ƙwal. Na biyu ya faɗo cikin robar ruwanta. Babu kowa a kan katanga. Ta sa hannu ta ciro shi. Dutse ne baƙi, mai sulɓi, kamar ƙwan zabo. Ita da hannunta ta watsa shi a kududdufi kwana tara da suka wuce.

Babanta, Malam Shitu, malamin asibiti ne da ya yi ritaya, ya mai da zauren gidan wurin duba marasa lafiya. Tun can, duk wanda ya zo sai ya ajiye dutse a layi, ya koma inuwa ya jira. Kullum rigima, wannan nawa ne, a'a nawa ne, layi ya kai har magariba. Mas'uda kuwa ba ta iya jira ba. Ta yayyanka kwalin magani ta rubuta lambobi, ta ware masu allura daban, masu awon jarirai daban, tsofaffi a gaba, ta share duwatsun kaf. Kafin la'asar an sallami kowa an kulle zaure. Har matan ƙauyen Kwanyawa suka riƙa sa mata albarka.

Ba ta taɓa lura cewa baƙin dutsen nan kullum shi ne na ƙarshe ba, kuma ba a taɓa ganin mai shi ba.

Kwana uku ana jifa, daidai kiran sallar magariba. A na huɗu Mas'uda ta je bakin zaure ta zauna a ƙasa, hannayenta a naɗe kamar mai rungume da jariri. Aka kira ta, shiru. Baban ya auna zafin jikinta, ya haska idonta. Komai daidai.

"Malam, yi wani abu mana," in ji innarta, Saude.

"Saude, iya sanina ke nan."

Washegari da yamma aka ɗauko Malam Barau a babur daga Rogo, dattijo mai ruƙiyya. Ya zauna nesa kaɗan da ita ya fara karatu. Ya daɗe yana yi. Gidan ya yi tsit, ko akuya ba ta motsa ba. Can sai bakin Mas'uda ya buɗe, amma muryar ta wata mace ce, a gajiye.

"Saura ni."

"Ke wace ce? Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ta zubar min da dutse. Ni ba na iya fita da rana. Da, in layi ya ƙare, mai gidan nan yakan ce saura wa, ya bar ƙofa a buɗe ya tafi alwala. Sai in shiga in ɗora ɗana a sikeli in ga ko ya ƙaru. Yanzu kullum na zo, kwaɗo a ƙofa."

Malam Shitu ya dafe bango. Ya tuna yadda allurar sikelin jarirai kan yi rawa da magariba, shi kuma ya ce iska ce ke kaɗa ta.

"Ki ji tsoron Allah," in ji Malam Barau. "Ba ta san da ke ba. Fita."

"Ɗana yana ramewa, Malam. A ba shi wannan yarinyar." Ta shafa kumatun Mas'uda da hannun Mas'udar. "Tana da jiki."

Saude ta fasa ihu. Malam Barau ya ɗaga murya da karatu har jikin yarinyar ya hau kyarma.

"Tsaya! Zan fita. Amma a buɗe min zaure kullum, a kira ni. Yarinyar ta karanta min awon, ta rubuta, tunda ta iya. In ya murmure, ba za ku sake jina ba."

"In bai murmure ba fa?" in ji Malam Barau.

Mas'uda ta yi atishawa sau uku, ta kife, ta farka tana neman ruwa.

Har yanzu da lamba ake bin layi, kafin la'asar an watse. Amma da magariba Malam Shitu yakan cire kwaɗo, ya tsaya a bakin zaure ya ce, "Saura wa?" Mas'uda ta tsaya gaban sikeli da biro. Ranar farko allura ta nuna kilo shida da rabi. Suka ajiye wa yaron kunun gyaɗa, suka ajiye madara, har abincin masu tamowa. Da safe a same su yadda aka bar su.

Ranar Juma'ar da ta wuce, allurar ta yi rawa ta tsaya. Mas'uda ta daɗe tana kallonta.

"Nawa?" in ji baban daga bakin ƙofa.

"Biyar, Baba."

Shekara talatin yana awon yara, ya san inda irin wannan lambar take nufa. Ya zo ya kama hannun 'yarsa ya riƙe, har aka idar da sallah bai sake ta ba.