Lakar Tafkin Bayan Katako

Shekara ta uku ke nan sama ba ta yi abin kirki ba. An idar da magariba, Isaka na zaune a tsakar gidansa a unguwar Kalley, sai wani abu ya faɗo kan rufin kwano, tim! Curin laka ne, jiƙaƙƙe sharkaf, a garin da rijiyoyi suka ƙafe.

Isaka ya san warin lakar nan. Shi biro, ofishin gwamnatin soja da yake wa aiki, ya tura bayan kasuwar Katako ya ji ta bakin masu lambu, kafin a ba wani attajiri izinin cike tafkinsu ya gina sito. Ranar kuwa zafi ya yi yawa, babur ba mai, jiki ba ƙarfi. Sai ya zauna a kujerarsa ya rubuta cewa an tambayi kowa, babu mai ja. Masu lambu sun kai ƙara kotu, amma wa zai ƙaryata takarda mai hatimin soja?

Kwana shida laka na faɗowa. A na bakwai 'yarsa Kadi ta daina ci, ta daina magana, ta koma gindin randa ta zauna. Har ƙashin wuyanta ya fito.

Aka kira Malam Mutari, tsohon mai ruƙiyya daga Tawa. Ya daɗe yana karatu kafin bakin Kadi ya buɗe, da muryar wata tsohuwa wadda ta gaji liƙis.

"Ni ce ta tafkin. Kakannin masu lambun ma nan suka tarar da ni. Uban yarinyar nan ya rubuta an tambayi kowa. Ni wa ya tambaye ni?"

"A yanka miki baƙar akuya ki fita," in ji malam.

"Haba malam, akuyar bana? Ƙashi da fata. Ya je gaban alƙali ya faɗa da bakinsa bai taka wurin ba."

Isaka ya ce: "Za su kore ni, Iya. In ma ba su kulle ni ba."

"Ni ma ai korata aka yi. To bari in ci gaba da zama cikin yarinyar."

Ranar Litinin ya je kotu ya faɗa. Alƙali ya rubuta, bai ko ɗaga kai ba, ya ɗage shari'a zuwa wata uku. Kafin la'asar an karɓe makullin bironsa. A hanyar gida ya hangi katafila tana tura ƙasa cikin tafkin.

Ya durƙusa gaban Kadi. "Na faɗa, Iya. Amma suna cikewa."

"Na sani," in ji muryar, can ƙasa-ƙasa. "Dama so nake a rubuta cewa akwai wadda ta ce a'a."

Kadi ta yi atishawa, ta dubi ubanta, ta ce yunwa take ji.

Da magariba Isaka ya zauna a tsakar gida yana kallonta tana shan fura. Ya kasa kunne ga rufin har aka kira isha'i. Ba abin da ya faɗo, kuma warin lakar nan ya bar gidan.