Amfilifayar Baba Ta Yi Shiru

"Duba nan, Adawiyya. Gaya mini mene ne wannan."

Inna ce ta miƙo mini waya. Hoton amfilifayar Baba ne, an farke cikinta tas, wayoyi duk a waje, a kan teburin saurayina Sabiru mai gyaran rediyo.



Da akwatin nan Baba ya ciyar da mu. Biki, suna, wa'azi, daga cikin Daura har Zango da Sandamu, in ka ji murya ta tashi to lasifikar Malam Ɗantsoho ce. Da ya rasu Inna ta lulluɓe ta da zane a ƙuryar ɗaki, ko ƙura ba mai kaɗe mata sai ita. Ni kuma da rawar kaina na ɗauke ta ranar da Inna ta tafi barka, na kai wa Sabiru, wai in ta tashi Inna za ta ji daɗi ta ƙara son shi.

Ga daɗin nan kuwa na gani.

Ban ma tambayi mai hoton ba. Mahdi ne, maƙwabcinmu mai hayar lasifikun zamani, wanda ya nemi aurena na ce masa ba na yi tun bara. Har ya ƙara wa Inna da cewa Sabiru ya kwashe jan wayar ciki ya sayar wa 'yan gwangwan.

Inna ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni ɗin. Ɗaki ta shige ta ja labule.

Baffa Amadu, ƙanin Baba kuma waliyyina, shi ya yanke magana. Ya ce ranar Juma'a manyan Sabiru za su zo neman aurena, to ko akwatin nan ya dawo yana magana kafin ranar, ko kada su wahalar da kansu.

A fusace na isa shagon Sabiru na bakin kasuwa, warin dalma ya tare ni tun daga ƙofa.

"Masoyiyata..."

"Kada ka ce mini masoyiyata. Gyara na ce ka yi ko yanka?"

Ya ajiye ƙarfen dalma ya yi ta nuna mini. Wai kafasito duk sun kumbura, taransifoma ta ƙone shi ne yake naɗe ta da hannunsa, sababbin taransisto kuma yana jiran su daga Kano. Jikin akwatin da maɓallan ko taɓawa bai yi ba. Ni dai ban fahimci rabi ba, sai da ya ɗago ya dube ni.

"Ke ma kin yarda na sayar?"

Na kawar da kai. Hakan ya ƙona shi, na gani a idonsa, ni kuma na koma gida ina jin haushin kaina.

Ranar Alhamis bayan la'asar ya iso da ita ɗaure a bayan babur, idanunsa jajur. Baffa ya ce a gwada a zaure, a haɗa ta da makirfo da tsohon ƙahon lasifikar da ke kan soronmu. Inna na bayan ƙofa. Mahdi kuwa ya harɗe hannu a bakin zaure kamar an gayyace shi. Ni na kawo ruwa na rakuɓe gefe.

Sabiru ya yi bismilla ya kunna.

'Yar fitila ta kawo ja.

Shiru...

Tun ina ƙarama, da an kunna akwatin nan sai ya yi ƙugi kamar injin niƙa, da haka muke sanin ya tashi. Yau ko tari babu.

"Ta mutu," in ji Baffa, ya miƙe.

"Baffa, ai..."

Baffa ya ɗaga masa hannu, ya ce ba ya son dogon bayani, ya juya neman takalmansa. Na ji Inna ta ja hanci a bayan ƙofa. Shi ke nan, na rasa shi, kuma ni na jawo.

Na durƙusa kamar zan ɗauki kwanon ruwa, dab da makirfon da ke kan tabarma, na yi ƙasa da murya yadda shi kaɗai zai ji.

"Sabiru, ka yafe mini. Ta tashi ko kada ta tashi, wallahi kai nake so. In ba kai ba na haƙura da aure."

Daga kan soro na ji muryata ta dawo mini, tar-tar, har da shesshekar kukana. Matan da ke layin famfo suka yi tsit.

Innalillahi! Na so ƙasa ta tsage in shige.

"Ƙugin na cire, Baffa," in ji Sabiru, kansa a ƙasa. "Shi nake so in faɗa."

Ban ga lokacin da Mahdi ya sulale ba. Inna ta fito ta durƙusa, ta shafa akwatin, hawaye na zuba. Ta ce har ya koma ga Allah, Malam yana neman wanda zai raba shi da ƙugin nan.

Baffa ya harare ni, ya yi gyaran murya.

"Marar kunya kawai. Kai kuma ka ce wa manyanka gobe bayan masallaci ina nan."

Shi ma ya manta ba a kashe makirfon ba.

Daga bayan katanga wata ta rangaɗa guɗa.