Ƙofa ta Huɗu a Dutsen Makuɗa

Ku matso. Hajjo, kashe wayar nan. Wannan ko Inna ban gaya wa ba.

Kun san Baba, kawunku, Allah ya jiƙansa, shi ke kula da na'urar intanet da ke ɗakin ƙarfe a kan Dutsen Makuɗa. Rawuta ake ce mata. Ƙofofi gare ta inda ake soka waya. In na'ura biyu suka haɗu, gaisawa suke yi. Kowace ta faɗi gudun da take iyawa, su daidaita. Shi ake kira oto. Duk ƙofofin Baba ya bar su a oto, ban da ta huɗu. Ita ya ɗaure gudunta a ɗari, ba ta daidaitawa da kowa, bai kuma taɓa gaya mini dalili ba. Sai dai kullum yakan ce mini, "Tanimu, abokin aikina na can sama ya fi ka hannu." Maganar nan ta daɗe tana cin raina.

Bayan sadakar arba'in, kamfani ya ce in gwada. In na iya, gurbin Baba nawa ne. Na hau dutsen da la'asar sakaliya. Na ce yau za a ga mai hannu. Na buɗe kwamfuta, na mai da ta huɗu oto.

Fitilarta ta kama. Babu waya a jikinta.

"Ka gaishe mu. Mun amsa."

Wani dogon mutum ne a bakin ɗakin. Hular Baba a kansa, wadda muka yi ta nema ranar jana'iza. Bakinsa sai ya rufe tukuna muryar ke isowa.

Na ce, "Kai ne abokin aikin?"

"Ni ne. Ɗana yake ce mini."

Wallahi ba tsoro ne ya fara zuwa mini ba.

"Ɗansa ɗaya ne. Cire hular nan."

"Shi ya ba ni. Kai me ya ba ka?"

Sai ya ci gaba.

"Mun faɗi namu gudun, ƙanena. Faɗi naka mu daidaita, ka ji duk abin da yake cewa a kanka in ba ka nan."

Na so in ji. Allah shaida, na so. Har na buɗe baki. Sai na ji kiran magariba daga gari yana ja, yana kauri, kalma ɗaya ta ƙi ƙarewa. Hannuna ya yi nauyi kamar a cikin kunu. Ashe na fara komawa gudunsu.

Da ƙyar yatsana ya kai kan kwamfuta. Na sake ɗaure ta huɗu a ɗari. Fitila ta mutu. Bakin ɗaki babu kowa.

Aikin dai na samu. Shi kuwa ya tafi da maganar a bakinsa.

Lado, daina dariyar nan. Kar in ji ka hau dutsen nan kai kaɗai. In kuma wani ya ce muku shi ɗan'uwanmu ne a can, kar ku amsa. Ƙarya yake yi. Ni kaɗai Baba ya haifa.