Kujerar Darakta

Tun da aka kafa aikin gwamnati ba a taɓa zaluntar bawan Allah kamar yadda aka zalunce ni ba. Haka na faɗa wa uwar 'ya'yana ranar da na shigo gida dafe da ƙugu, na zube a tsakar falo.

"Korar ka aka yi?" ta tambaya.

"Da kora ce ai da sauƙi. Kujerata aka ɗauke."

Ku da ba ku san kujerar nan ba sai ku ga kamar wasa ne. Baƙar fata ce, mai juyawa, mai taya a ƙafafu. In na hau na juya sau ɗaya, mai neman fayil da kansa yake rusunawa. Sai ga wani sabon mai sito, dogon yaro mai sanyin murya, ya tsaya a kaina.

"Yallaɓai, a yi haƙuri, wannan ta matakin darakta ce. Ga taka na kawo."

Ta katako fa. Irin wadda masinja ke gyangyaɗi a kai.

Ina cikin ba da labari Auta ta shigo da ruwa. 'Yata ce ta ƙarshe, a ma'aikatarmu take buga takardu a bene na sama. Tana jin "mai sito" sai ta ajiye kofin da sauri.

"Baba, wani dogo mai tabarau?"

"Kin san mugun ke nan?"

Uwarta ta tuntsire da dariya. "Mugun naka ai shi ne wanda na ce maka iyayensa na son zuwa gaisuwa. Ka ce in dai ma'aikaci ne ka amince."

"To na janye. Ba da yawuna ba."

Auta ta durƙusa, hawaye shaɓe-shaɓe. "Baba, don Allah, aikinsa ya yi. Ba personal ba ne, ba gaba yake da kai ba."

"Ƙugun nawa ma ba personal ba ne?"

Washegari na gangara sito, na same shi yana jera kwalaye. Ga kujerata can a lungu an lulluɓe ta da leda kamar amarya. Na rufe ƙofa, na rage murya.

"Yaro, kai kana da abin da nake so, ni ma ina da abin da kake so. Ka tura min ita ofis da yamma, ni kuma in buɗe wa iyayenka ƙofa."

Ya cire tabarau ya goge, idanunsa sun kaɗa. "Baba, Allah ya sani ina son Auta fiye da aikin nan. Amma kujerar ba tawa ba ce balle in bayar. In kujerar gidanmu kake so, yau zan ɗauko maka a ka."

Na fita ina huci. Kashegari na tarar da matashi mai laushi a kan kujerar katako. Na cillar da shi. Da na leƙa na ga babu kowa a baranda, sai na ɗauko abina.

Haka aka yi ta tafiya. Auta ta rame, amma ba ta taɓa ɗaga min murya ba. Tare muke fita aiki, ta wuce ƙofar sito ba ta waiwaya ba, shi kuma ya gaishe ni har ƙasa, in amsa da hanci. Wata safiya a hanya na tsokane ta.

"Da yana son ki da gaske, da tuni ya miƙo kujera."

"Baba," ta ce a hankali, "da ya miƙo ta, da ni zan ce na fasa."

Maganar ta zauna min a ƙirji.

Ba a jima ba sai ga masu binciken kayan gwamnati, ofis-ofis suke bi. Maƙwabcina na sashen albashi aka kama shi da firjin da ba na matakinsa ba, aka kai shi gaban kwamiti da furfurarsa. Da suka shigo nawa ofishin, suka tarar da ni a kan katako, na yi zaman waliyyai. Shugabansu har ya ce a yi koyi da ni. Na sunkuyar da kai na karɓi yabo, don ban iya musu da manya ba.

Da yamma na ce wa uwar 'ya'yana a gaya wa iyayen yaron su zo.

"Dama gwada shi nake yi," na ƙara. "Dabara ce irin ta manya."

"Manyan da suka ɗauko kujera a ka ranar da darakta ya yi ritaya?"

To, ni na ɗauko ta, ban musa ba. Amma da ban ɗauko ta ba, ta ina za a gane irin mijin da Auta ta samu? 'Yan mata, ku riƙe wannan: wanda ya ƙi cin amanar aikinsa don ya same ki, ba zai ci taki ba in ya same ki. Ku kuma ku yi haƙuri da iyaye, ko da irina ne.

An ɗaura aure, suna zaune lafiya. Surukina shi ke riƙe da makullin sito gaba ɗaya, ni kuma har yau a kan kujerar katako nake. Duk baƙon da ya shigo ofis, ita nake fara nuna masa.